Damagaram ta ƴan mata: ruwa, akuya da hanya

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne bisa babbar hanya, ta Dosso, Dogon Dutse, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa. Abin da ke fara tarbar baƙo duwatsu ne, manya-manya masu sulɓi, jibge a tsakanin gidaje kamar an ajiye su da gangan. Masu yawon buɗe ido Birni suke nufa, su ga fadar sarki da kufan ganuwar da Sarki Tanimun ya gina a zamanin mulkinsa, tsakanin 1851 da 1884, lokacin da ake ƙera igwa a garin nan kuma ayarin raƙuma ke tashi daga Zango zuwa Agadas da Tarabulus. Za a ba su labarin Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kaftin Cazemajou a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899 inda Faransawa suka ci ƙasar. Za a kuma tuna musu, da ɗan ɗaci a baki, cewa nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

Wannan duka tarihin maza ne, na dawaki da bindigogi. Akwai wata Damagaram da ke tashi tun kafin kiran assalatu, wadda ba a kai baƙo ya gani, kuma ita na so in kawo wa masu karatu a wannan mako.

Na sauka a Zango, gidan wani abokina tun muna lise. Ƙanwarsa ɗaliba ce a jami'ar garin, wadda aka buɗe a 2010 aka kuma raɗa mata sunan André Salifou, ɗan Damagaram da ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ba ta nemi shiga jarida ba. Kuma irinta suna da yawa. Ranarta da ruwa take farawa. Garin bisa dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, ruwan kuwa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza a arewa. Idan bazara ta yi tsanani, pampo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, in kuma zai zo sai cikin tsakar dare. Wanda ke da hali ya kira mai ga-ruwa da kurarsa. Wanda ba shi da shi ya tashi ɗiyarsa ta jera bido a bakin pampon unguwa. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace man fetur a kan hanyar Tanut, amma yarinyar da ta kwana gadin pampo ba fetur take bukata ba, kuma ita ce gobe mushe zai ce ta yi barci a aji. Ma'aikatan da ke lissafin yawan ƴan matan da suka bar lakwal ya kamata su riƙa haɗa wannan lissafi da na kwanakin da aka ɗauke ruwa.

A kusurwar gidan akwai turke, da jar akuya da ƴaƴanta biyu. Akwai kuma kyanwa mai kwana bisa buhun hatsi, da tantabarun ƙaninta a cikin tsofaffin tukwane a kan katanga. Nasara kan ajiye kare ya saya masa abinci na musamman, ya kai shi likita; mu nan dabba ƴar gida ce, amma da aikinta. Kyanwa na tsare hatsi daga ɓera, kuma ba mai korarta, tunda kowa ya san sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda ita. Akuya kuwa wani abu ne daban. Kakarta ce ta ba ta uwar wannan akuya tun tana firamare. Ita ke tara mata dusa da ƙaiƙayi da harawar wake, ita ke kiranta da suna, kuma na ga akuyar tana gane ƙarar kabu-kabun da ke sauke ta da yamma.

Na ce mata, "Ƙanwata, in aka matsu a gida, ai akuyar nan za a fara kaiwa Kasuwar Dole."

Ta ce, "A'a, Yaya. Sai dai a roƙe ni in ba da rance."

Tana da gaskiya, kuma addini da al'ada duk suna bayanta: dukiyar mace tata ce, uba ko miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Ƴan kasuwarmu sun san darajar fatar jar akuya, wadda tun zamanin ayari ake kai wa Turai ana sayarwa da sunan fatar Maroko. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne akuya ce bankin farko na ɗiya mace a ƙasar Hausa. Da kuɗin bunsuru biyu ta biya rajistar jami'a. Da na uku ta shiga asusun mata na unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. A ganina, duk wanda ke son ya yi wa macen karkara bayanin haƙƙin ɗan adam, daga bakin turke ya kamata ya fara, domin a nan ta riga ta san ma'anar "nawa ne".

Tafiye-tafiyenta ba su da yawa. Ranar lahadi takan je kasuwar Mirya, kilomita 18 daga gari, sayen kayan lambu. Sau biyu ta je Kano da gwaggonta ta hanyar Matamai da Daura, sarin atamfa da takalma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka tsawon watanni, ƙananan jarin mata irin na gwaggon suka narke kamar kitse a rana.

Amma akwai wata hanyar da ke fita daga wannan jiha, wadda ambatonta ke sa a yi shiru a zaure. A ƙarshen Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Da yawansu mutanen Kance ne, nan kudu da mu, inda gona ta yi kaɗan jama'a ta yi yawa, mata suka ɗauki al'adar tafiya Tamanrasat aikatau ko bara da ƙananan yara. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku, daga ƙarshen 2014 kuma aka shiga maido da mutane cikin manyan motoci. Ɗalibar nan ta gaya mini cewa wannan labari, da ta ji a rediyo tana yarinya, shi ya fara sa ta tambayar wa ke da alhakin ran talaka.

Tun daga nan take tara abin da ta samu. Ta san cewa ranar 13 ga Mayu 1991 mata sun yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Taron Ƙasa, kuma shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Ta san dokar kaso ta shekarar 2000. Ta san binciken 2012 da ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin shekara 18, jihohin Damagaram da Maraɗi ma sun zarce haka. Ba ta bukatar takarda a kan wannan, tunda a cikin ƙawayenta na firamare ita kaɗai ta kai jami'a. Wanda ta fi so ta ba da shi ne labarin Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a yankin Ƙonni, ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun CEDEAO da taimakon ƙungiyar Timidria, ta kuma yi nasara ranar 27 ga Oktoba 2008, aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. A garin da arzikinsa na ƙarni na 19 ya haɗa da cinikin bayi, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Sai dai Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025. Kowa da ra'ayinsa a kan ficewar, kuma ba shi ne zancenmu ba a yau. Amma ƙofar da Hadijatou ta ƙwanƙwasa, ya kamata masu shari'armu su gaya mana wace ce ta maye gurbinta.

Tana da wadda take kallo a gaba. Aïcha Macky a nan Zinder aka haife ta a 1982. Ta karanta ilimin zamantakewa a jami'ar Yamai, ta koyi shirya fim a Saint-Louis ta Senegal. A fim ɗinta na 2016, «L'arbre sans fruit», wato itace marar ƴaƴa, ta yi magana a kan rashin haihuwa, da kanta ta yi misali, a ƙasar da ake ɗora wa mace laifin tun kafin a je likita. A 2021 ta fito da «Zinder», wanda ta ɗauka a Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a can baya, inda samari marasa aiki suka kafa ƙungiyoyin da ake kira «palais», suna ɗaga ƙarfe suna fasa-ƙwaurin fetur. Mutanen Birni da yawa sun tsufa ba su taɓa taka unguwar ba. Ita ta shiga da kamara, ta zauna da su da matan da ke zaman kansu, ta bar su suka yi magana. Wasu manyan gari sun ji haushi, suna ganin an tona asirin gida a idon duniya. Ni dai ban ga asirin da aka tona ba, tunda Kara-Kara ba a ɓoye take ba, kau da kai kawai ake yi.

Ranar alhamis, ranar babbar kasuwa, na raka ɗalibar da ƙaninta wajen ƴan awaki. Bunsuru ɗaya ta fitar, domin tana son zuwa Yamai neman gurbin horon aiki a wata ƙungiyar lauyoyi mata, kuma mahaifinta ya yarda bisa sharaɗin za ta sauka gidan kawunta. Dillali ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ya juya wajena yana neman in sa baki a matsayina na namiji. Na ce masa ba ni da ko igiya a ciki. Sai a tayi na huɗu ta sallama, ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta cire ladan dillali, ta kuma karɓe igiyarta, domin a cewarta ba da ita aka yi ciniki ba.