Ƙofar 'Yanɗaka da Majalisar Landan

Duk wanda ya taso daga Yasore ko Batsari zai shiga birnin Katsina, ta Ƙofar 'Yanɗaka yake bi. A yau wurin cike yake da motoci, 'yan acaɓa da masu talla, kowa na hidimar gabansa. Amma ƙannena ɗalibai, in kun zo wucewa ku ɗan tsaya ku dube ta da kyau. Ta wannan ƙofa Lugga ya shiga Katsina a ƙarshen watan Maris na 1903, yana fitowa daga Sakkwato. Sarkin Katsina Abubakar bai yaƙe shi ba, domin Kano ta riga ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris.

To, wa ya ba Lugga sojoji? Amsar tana can Ingila, a zamanin Sarauniya Biktoriya. Akwai wani ɗan majalisa mai suna Joseph Chamberlain, wakilin birnin Birmingham, wanda ya zama ministan ƙasashen mulkin mallaka a 1895. Ganin Faransawa na matsowa yankin Borgu, sai ya sa aka kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma a 1897, ya ɗora Lugga a kanta. Hafsoshin Turawa ne, amma yawancin sojojin Hausawa ne da Yarabawa. A 1899 majalisar ta amince a biya kamfanin Royal Niger fam 865,000 a karɓe ikonsa. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja.

Chamberlain bai taɓa taka ƙasar Katsina ba. Duk da haka, kuɗin da aka ware a zauren da yake zama su suka zama bindigogin da suka iso bakin ganuwarmu. Kakanninmu ba su da wakili a wannan zaure, ba kuma wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Mu kuwa muna da shi. Wancan runduna tana cikin tushen sojojin Nijeriya na yau, kuma Majalisar Tarayya a Abuja ce ke amincewa da kasafin kuɗinsu. Batsari, Safana da Ɗanmusa suna da kujera guda a Majalisar Wakilai. Mutanen da ke zaune a gefen dajin Rugu, waɗanda 'yan bindiga suka hana wa noma da barci, sun fi kowa sanin muhimmancin wannan kujera.

Saboda haka ku riƙa sauraron rediyo idan ana muhawara kan kasafin tsaro. Ku tambayi malamin tarihi ko na ilimin zaman ƙasa me wakilinmu ya ce, me kuma ya nema wa yankinmu. Nan da 'yan shekaru za ku kai 18, ƙuri'a ta zo hannunku.