Cinikin Biri a Sama: Raɗe-raɗin Wayar da Ba Ta Fito Ba

A duniyar wayoyin hannu akwai wata kasuwa da ke ci kowace rana, alhali babu haja ko ɗaya a rumfunanta. Labari kawai ake saye da sayarwa a cikinta. Watanni kafin kamfani ya fito da sabuwar waya, sai ka ga an cika Facebook da YouTube da TikTok da hotunanta: ga kaurinta, ga launinta, ga irin ƙarfen da za a ƙera jikinta da shi. A 'yan watannin nan, wayar da ke bakin 'yan wannan kasuwa ita ce iPhone mai naɗewa, wadda ake hasashen kamfanin Apple na Amurka zai fitar. Ana cewa za ta riƙa buɗewa kamar littafi, gefenta na ƙarfen taitaniyam ne, gaɓar da take naɗewa a kai an yi ta da wani sabon haɗin ƙarfe, kuma ba za a ga layin naɗi a tsakiyar fuskarta ba. Wasu ma har sun yanka mata farashi, sama da dala 2,000. Shi kuwa kamfanin bai ce uffan ba. Wannan shi Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Ba na cikin masu cewa duk abin da ake yaɗawa ƙarya ne. Waya ɗaya tana ratsa hannaye masu yawan gaske kafin ta shiga kwali. Fuskarta daga Koriya ta Kudu take zuwa galibi, ƙwaƙwalwarta a Taiwan ake yi, wasu sassan kyamararta daga Japan, sannan a harhaɗa ta a manyan masana'antu irin na Foxconn da ke birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, ko kuma a Indiya. Sirrin da dubban mutane suka sani kuwa wuyar riƙewa gare shi. Masu yin rigar waya sukan samo awon sabuwar waya ta bayan fage don kayansu su riga na kowa isa kasuwa, daga nan ne kwaikwayon wayar ke ɓulla a hotuna. Akwai kuma masu sharhi irin su Ming-Chi Kuo, da ke bibiyar masana'antun Asiya, da Mark Gurman na kafar Bloomberg, waɗanda sau da dama hasashensu kan tabbata. A 2010 ma wani injiniyan Apple ya manta da iPhone 4 a wata mashaya a jihar Kalifoniya tun ba a sanar da ita ba, shafin Gizmodo ya saye ta a kan dala 5,000, ya kwance ta, ya nuna wa duniya cikinta.

Amma hasashe yana da ranar jin kunya. A 2014 an yi ta yayata cewa fuskar iPhone 6 za ta kasance ta safaya, dutsen nan dangin yakutu da ba ya ƙarzuwa da sauƙi. Maganar tana da tushe, domin Apple ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 578 da kamfanin GT Advanced Technologies don ya samar da safayar a jihar Arizona. Da wayar ta fito a watan Satumba, sai ga ta da gilashi kamar na sauran. A watan Oktoba kamfanin na GT ya bayyana cewa ya karye. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a hannayen jarinsa saboda raɗe-raɗi su suka kwana a ciki. Darasin a nan shi ne, ko labarin da ya fito daga cikin masana'anta, labarin gwaji ne. Kamfani yakan gwada samfuri iri-iri, ya watsar da mafi yawansu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke karanta waɗannan labarai. Nakan tsaya hira da ɗalibaina bayan darasi, kuma ba sau ɗaya ba wani ya miƙo mini wayarsa da hoton wadda ba ta fito ba, yana tambaya: "Malam, taitaniyam da alminiyam wanne ya fi?" Yadda ake yin tambayar ya nuna an ɗauka ƙarafa ma suna da sarauta, kamar yadda zinariya ke gaban azurfa, azurfa ke gaban tagulla. Talla ce ta koya mana wannan. A wurin injiniya babu ƙarfen da ya fi wani sai an faɗi aikin da ake so ya yi.

Tarihin iPhone kansa ya isa shaida. Daga iPhone X ta 2017 har zuwa 14 Pro, gefen manyan wayoyin kamfanin na ƙarfe mara tsatsa ne, mai sheƙi amma mai nauyi. A watan Satumban 2023 aka fito da 15 Pro da gefen taitaniyam, aka yi ta kirari cewa da irinsa ake ƙera kumbon sama jannati. Nauyin wayar ya ragu daga giram 206 zuwa 187, wannan gaskiya ne. Ba a jima ba masu saye suka fara kukan wayar tana ɗaukar zafi. Kamfanin ya ce laifin na manhaja ne ba na ƙarfen ba, ya kuma fitar da gyara. Shekara biyu bayan haka, a watan Satumban 2025, sai ga 17 Pro ta fito da jikin alminiyam, tare da wani siririn ɗaki a ciki mai ɗauke da ɗigon ruwa da ke zama tururi yana kwashe zafi daga ƙwaƙwalwar wayar. A wannan karon kamfanin da bakinsa ya ce alminiyam ɗin ya ninka taitaniyam sau 20 wajen fitar da zafi.

Duk matar da ke girki ta san wannan ilimi ko ba ta shiga ajin kimiyya ba. Tukunyar alminiyam, irin wadda maƙeranmu ke zubawa daga tsofaffin gwangwanaye da tarkacen inji, nan da nan take ɗaukar zafin wuta ta watsa shi ko'ina, nan da nan kuma take hucewa idan an sauke. Taitaniyam ƙarfi gare shi da rashin nauyi, ba ya tsatsa, amma zafi ba ya ratsa shi da sauri. Alminiyam ya fi shi laushi, ya fi saurin ƙarzuwa da lotsewa, amma yana barin waya ta sha iska. Kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Wanda ya sayi 15 Pro don a ce wayarsa ta taitaniyam ce, yau kamfanin da ya sayar masa yana gaya masa alminiyam ne ci gaba.

Maganar zafi ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Apple da kansa ya rubuta cewa an tsara iPhone ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyas ba. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ni kaina na sha ganin wayata ta dusashe haskenta, ta daina caji, ta nemi in bari ta huce, don kawai na ajiye ta a mota na shiga masallaci. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar batir, yana rage masa kwana a hankali ba tare da mai shi ya lura ba. Saboda haka idan na ji ana yabon wayar da ke tafe da cewa ba a taɓa yin mai sirantakarta ba, abin da nakan fara tunani shi ne ina aka sa batirin, kuma ta ina zafi zai fita. iPhone Air ta 2025 kaurinta milimita 5.6 ne, amma don a kai ga hakan sai da aka bar ta da kyamara ɗaya a baya, aka kuma cire mata ramin katin layi a duk duniya. Tseren sirantaka ya taɓa jawo asara: a 2014 iPhone 6 Plus ta riƙa lanƙwashewa a aljihun mutane, a 2016 kuma Samsung ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya bayan batiranta sun riƙa kamawa da wuta, kuma binciken kamfanin ya nuna cewa a wasunsu jakar da ta lulluɓe batirin ce ta yi masa kaɗan.

Ita kuwa waya mai naɗewa, bayan zafi tana da wata abokiyar gaba, wato ƙura. Lokacin da Samsung ya shirya fitar da Galaxy Fold a watan Afrilun 2019, wayoyin da aka ba 'yan jarida su gwada sun lalace cikin kwanaki, wasu saboda an ɓare ledar da ke kan fuskar, wasu saboda tarkace ya shiga ta gaɓar. Dole aka ɗage fitowar zuwa Satumba. An samu ci gaba sosai tun daga lokacin, amma har Fold 6 ta 2024 shaidar da aka ba ta ta kariya ce daga abin da ya kai milimita ɗaya, ƙurar hunturunmu kuwa ta fi gari laushi. Ban ga mai yaɗa hoton iPhone mai naɗewa da ya tsaya ya tambayi yadda gaɓarta za ta kasance bayan hunturu biyu a Gashuwa ba.

Mai karatu zai iya cewa mene ne ruwanmu da wayar dala 2,000, alhali kuɗin ya fi albashin shekara na ma'aikata da yawa. Ruwanmu shi ne wayar za ta iso mu, sai dai a makare. Mafi yawan iPhone da ke hannun matasanmu na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a Turai da Amurka suka biyo ta Ikeja zuwa kasuwar Farm Centre a Kano. Abin da ake raɗe-raɗinsa yau, shi mai gyara zai buɗe a kan teburinsa nan da shekara uku ko huɗu, lokacin da garanti ya ƙare, batir ya gaji. Mun riga mun ga misali. Tun daga iPhone 14 ta 2022, wayoyin da ake sayarwa a Amurka ba su da ramin katin layi. A can ƙaramin canji ne. A nan, inda mutum ke riƙe layi biyu ko uku saboda sabis na wannan unguwa ba shi ne na waccan ba, sai ya zama abin da mai saye ke fara tambaya, abin da kuma ke karya wa wayar daraja. Na taɓa zama a rumfar wani mai gyara ina jiran a canza mini batir, ina kallon yadda yake ɗumama bayan wata waya don gam ɗin ya saki, yana addu'ar kada gilashin ya tsage a hannunsa ya zama shi zai biya. Babu mai tallar sabuwar waya da ke ambaton wannan bawan Allah, alhali a hannunsa rayuwar wayar ta biyu take.

Canje-canjen da suka fi amfanar irinmu ba daga raɗe-raɗi suka zo ba. Dokar Tarayyar Turai ce ta sa Apple ya koma wa ramin caji na USB-C a 2023, shi ya sa yau caja ɗaya ke yi wa gida duka. Tun daga 20 ga Yunin 2025 kuma, dokar tasu ta wajabta cewa batirin sabuwar waya ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, a kuma ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita. Haka nan kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, bai zama wanda ya fi kowa sayar da waya a Afirka da sunan wani ƙarfe mai daraja ba. Layi biyu ya kawo, da batir mai daɗewa, da kyamarar da ke fito da fuskar baƙar fata, da farashin da talaka zai iya.

Ba ina cewa ɗalibaina su daina sha'awar sabon abu ba, domin sha'awa ce ƙofar ilimi. Roƙona shi ne su zurfafa ta. Wanda ya iya haddace kaurin wayar da ba ta fito ba zai iya koyon dalilin da ya sa wani ƙarfe ke fitar da zafi wani ba ya fitarwa. Zai iya sanin cewa mafi yawan ma'adinin kobal da duniya ke sawa a batir daga Kwango yake fitowa, cewa kuzar da aka daɗe ana haƙa a Jos ita ce irin wadda ake liƙe sassan waya da ita, cewa litiyam da ake tonowa a Nasarawa dangin wanda ke cikin aljihunsa ne. Idan hoton iPhone mai naɗewa ya sake zuwa, a tambayi wanda ya fara faɗa da inda ya ji, a tambayi abin da aka sadaukar kafin a samu wannan siffa, a kuma tambayi nawa ne canjin fuskarta idan ta fashe. Kada kuma kowa ya sayar da wayarsa mai lafiya, ko ya taɓa kuɗin makaranta, saboda birin da har yanzu yana kan reshe. Allah Ya sa mu dace.