Labarin da Muka Tura Kafin Mu Tambaya

Akwai wani ɗan'uwa a zumuntarmu da ke aikin lodi a wani kamfanin jiragen ɗaukar kaya a Legas. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, har aka miƙa shi ga mai riƙo. Tun daga ranar wayoyinmu ba su huta ba. Ran Litinin aka ce wani attajiri ya saya. Ran Laraba aka ce ya janye. Kafin Lahadi an ce rufewa za a yi, a sallami kowa ba ko kwabo. Mu ne muka riƙa tura waɗannan saƙonni a WhatsApp, kowanne da "mu sa shi cikin addu'a" a ƙarshe.

Ta bakinmu labarin rufewa ya kai kunnen mahaifiyarsa. Jininta ya hau, ta kwana biyu a asibiti. Iyayen yarinyar da yake nema suka ce a dakata da maganar sa rana. Shi kuwa yana zuwa aiki kullum, ba wanda ya ba shi takardar sallama. Da ya kira shugaban matasa, abin da ya ce kawai shi ne, "Yayana, ashe kun fi ni sanin wurin aikina?"

Sai bayan haka muka nemi sanin abin da riƙon yake nufi. Miƙa kamfani ga mai riƙo ba rufe shi ba ne. A dokar Ingila, aikinsa na farko shi ne ya ceto kamfanin. In bai yiwu ba, ya samo wa masu bin bashi abin da ya fi na rufewa nan take. Muddin yana riƙe da shi, masu bin bashi ba sa kai ƙara ko kwashe kaya sai da izininsa ko na kotu. Wa'adinsa shekara ɗaya ne, ana iya ƙarawa. Najeriya ta shigar da irin wannan tsari cikin dokar kamfanoni ta 2020. Masu son saye kuma sukan sa hannu a yarjejeniyar rufe baki kafin a nuna musu littattafan kuɗi. Ashe waɗanda suka san gaskiya an ɗaure bakinsu, mu da ba mu sani ba muka cika shirun da zato.

Ba mu ce tsoron banza ne ba. CargoLogicAir na Ingila ya shiga hannun masu riƙo a Nuwamban 2022, bayan takunkumin da ya biyo mamayar da Rasha ta yi wa Yukiren, bai kuma sake tashi ba. Ɗan'uwanmu na iya rasa aikinsa. Amma in ranar ta zo, shi ya kamata ya gaya wa mahaifiyarsa, ba mu ba.

Mun je mun roƙi Mama gafara, mun kuma bi iyayen yarinyar da bayani. Mun yi alkawari a tsakaninmu: ba za mu ƙara tura roƙon addu'a da sunan mutum ba sai mun kira shi ya yarda. Mun kuma soma tara ɗan abin da za mu iya kowace Lahadi, ko da albashi zai tsaya.

Har yau ciniki bai faɗa ba. Ubangiji ya riƙe shi, ya kuma tsare bakinmu. Amin.