Kuɗin Iri

Shirin kiwon lafiya da nake gabatarwa a gidan rediyonmu ranar Alhamis yake fita, bayan sallar isha'i. A wani dare baƙuwata matashiyar likita ce da ke koyarwa a jami'a. Na gayyace ta ne don na ji an ce jami'arta ta ba ta kuɗi daga aljihunta ta yi bincike a kan sankarar mama. Da na tambaye ta nawa ne, ta ce sefa miliyan biyu, na shekara guda. Abin da take son ganowa shi ne me ke sa mata ba su zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki.

Muna buɗe layi wani dattijo ya kira. Ya ce, "Likita, Allah ya ba ki haƙuri. Ga marasa lafiya kwance babu kuɗin magani, ku kuma za ku kashe miliyan biyu wajen cika takarda?" Aikina shi ne in tsaya tsakiya, amma ban tsaya ba. Na ce, "Alhaji, kamar ka shiga zuciyata."

Ina da dalili. Goggota wannan ciwon ne ya yi ajalinta. Kusan shekara biyu tana ɓoye ƙullutun da ke ƙirjinta, ana shafa mata magani a gida. Lokacin da muka kai ta Yamai mun sayar da awaki da gonar da ta gada, kuma bai hana komai ba. Tun daga nan duk kuɗin da aka ambata tare da sunan ciwon daji, lissafin allura nake yi da shi.

Likitar ba ta yi gardama a iska ba. Sai da aka kashe makirfo, tana tattara takardunta, ta ce, "Malam, ka taɓa jin sunan Denis Burkitt? Ka nemi labarinsa."

Na nema. Burkitt likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Ailan da ya yi aiki a asibitin Mulago a Kampala, ta ƙasar Yuganda. A 1957 aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura. Bai jima ba ya ga wani mai irin wannan kumburi, ya shiga binciken tsoffin takardun asibiti, a 1958 ya wallafa abin da ya gano. Yana son ya san ina da ina ciwon yake a Afirka, sai ya sami ɗan tallafi na fam 25. Da shi ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika wa asibitoci ta gidan waya yana tambaya: kuna ganin irin wannan? Amsoshin suka zana masa taswira. A 1961 shi da abokan aiki biyu suka hau wata tsohuwar mota Ford, suka yi mako goma suna zagaya asibitoci fiye da 50, tafiyar kimanin kilomita 16,000. Suka lura ciwon yana bin wuraren zafi da damshi, yana ƙaurace wa tuddai masu sanyi, abin da daga baya aka danganta da zazzaɓin cizon sauro. A wannan shekarar ne kuma wani masani, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a Landan, ya roƙi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar cutar da yanzu ake kira Epstein-Barr, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Wannan sankara ta yara, wadda mu ma muna ganinta a ƙasashenmu, tana cikin waɗanda ke jin magani in an zo da wuri.

Fam 25 ɗin nan bai warkar da yaro ko ɗaya ba. Takarda da kan sarki ya saya.

Da na sake zama da likitar ta yi mini bayanin yadda abin yake. Manyan masu ba da tallafin bincike na waje ba su sakin kuɗi a kan tunani kawai. Tambayarsu ta farko ita ce, me ka riga ka gano? Ƙaramin malami kuwa bai gano komai ba, don ba shi da abin farawa. Shi ya sa jami'o'i da dama, musamman a Amurka da Turai, ke ware wani abu daga kasafinsu, malamai su rubuto buƙata, kwamitin ƴan'uwansu masana ya tace, a ba kaɗan daga ciki. Turawa kuɗin iri suke ce masa, kuma sunan ya zauna mini, ni da na tashi a gidan da ake rataye damin gero na iri a rumbu, ko yunwa ta yi tsanani ba a sussuka shi.

Abin da ya fi jan hankalina bai shafi yawan kuɗin ba. Wanda ya biya shi ke zaɓen tambaya. In duk kuɗin daga waje yake zuwa, tambayoyin da suka dami na waje za a yi ta amsawa. Wa zai zo daga Faransa don ya gano cewa mace tana jin nauyin buɗe ƙirjinta gaban likita namiji, ko cewa kuɗin mota zuwa Yamai ya fi ƙarfin mijinta? Muna da rajistar masu ciwon daji a Yamai tun 1992, kuma a 2021 aka buɗe wurin gashi na farko a ƙasar nan. Amma injin gashi bai iya komai ga matar da ta iso bayan ciwon ya bazu.

Ba zan ce dattijon nan ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Likitar da kanta ta gaya mini rabin kuɗin sai da wata biyar suka wuce kafin ya fito, man babur ɗin ɗalibanta daga albashinta ta riƙa saya. Ta ce akwai irin wannan tallafi da ke ƙarewa a rahoton da babu mai buɗe shi, akwai kuma inda sanayya ke rinjayar kwamiti. Ita ma ba ta da tabbacin nata zai kai ko'ina. Wannan gaskiyar da ta faɗa ce ta sa na yarda da ita.

Daga baya ta roƙe ni in duba mata fassarar tambayoyin daga Faransanci zuwa Hausa. Mun kwashe yamma guda a kan kalma ɗaya. In ka ce "daji" wasu matan sun rufe baki ke nan, in ka ce "ƙari" sai su ɗauka maruru kake nufi. Muka tsaya a kan fara tambaya da "wani abu da kika ji a jikinki".

Na ɗauki kofi ɗaya na kai gida don in gwada ko ana fahimta. Na karanta wa Inna, ita da ta yi jinyar Goggo. Muna zuwa tambaya ta bakwai, wadda ke cewa wa kika fara gaya wa, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Ni ta fara gaya wa. Ni na ce mata ta bari sai bayan girbi."

Shekara shida ke nan, ban taɓa jin wannan ba. Na tambaye ta ko in rubuta. Ta ce, "Rubuta, ka kai wa likitar."