Woodbury da New London: Inda Seabury Ya Tsaya

Woodbury ƙaramin gari ne a jihar Connecticut ta Amurka, mai tsofaffin majami'u da shagunan kayan tarihi a bakin hanya. Abin da ya kai ni shi ne wani gidan katako da ake kira Glebe House, gidan da limamin cocin Angilikan na garin ya zauna kafin Amurka ta zama ƙasa. Yau gidan tarihi ne, an kewaye shi da lambun da Gertrude Jekyll ta Ingila ta tsara a 1926. Wallahi na jinjina wa mutanen garin nan. Kakanninsu ne suka ci yaƙin ƙwatar 'yanci, amma ga su suna share gidan waɗanda aka kayar, suna yi masa fenti, suna kai 'yan makaranta su gani.

Sai mutum ya san halin da limaman suka shiga kafin ya gane darajar gidan. Kowannensu sai ya haye teku zuwa Ingila kafin a naɗa shi, kuma a can yake yi wa Sarki mubaya'a. Littafin addu'arsu ma ya wajabta a roƙa wa Sarki George na Uku alheri a kowace sujada. Da aka ayyana 'yanci a 1776, wannan addu'a ta koma cin amanar ƙasa. Da yawa suka rufe majami'unsu, don ba za su karya rantsuwa ba, ba kuma za su jefa mabiyansu cikin wuta ba.

Samuel Seabury na cikinsu. An haife shi a Groton a 1729, ya yi karatu a Yale, ya taɓa karatun likitanci a Edinbara. Yana limanci a Westchester ta New York ya riƙa fitar da ƙasidu da sunan wani manomi, yana cewa ƙaurace wa kayan Ingila talakan ƙauye zai fi cuta. Wani ɗalibi mai kaifin alƙalami, Alexander Hamilton, ya mayar masa da martani. A Nuwamban 1775 mahaya ƙarƙashin Isaac Sears suka kama shi, suka tsare shi a New Haven makonni. Daga baya ya zama limamin wata rundunar Sarki. Ba na cewa yana kan gaskiya game da mulkin mallaka. Mu da muka ɗanɗana shi mun san ɗacinsa. Riƙon alkawarinsa ne ya kama zuciyata. Abin takaici, yawancin Amurkawa yau a wasan kwaikwayon Hamilton suka san shi, inda aka mai da shi abin dariya.

Da yaƙi ya lafa, dubban masu biyayya ga Sarki suka yi ƙaura zuwa Nova Scotia da Ingila. Seabury kuwa, a wannan gida na Woodbury, ranar 25 ga Maris 1783, limamai 10 suka zauna a asirce don zaɓar bishop, zaɓin ya ƙare a kansa. Ya tafi Landan neman naɗi. Sai aka ce doka ba ta yarda ba sai ya yi wa Sarki mubaya'a. Mutumin da aka ɗaure saboda wannan rantsuwa ya ƙi sake yin ta, domin yanzu garkensa 'yan wata ƙasa ne. Ya yi fiye da shekara yana jira, sannan ya nufi Aberdeen ta Sikotilan, inda Robert Kilgour da Arthur Petrie da John Skinner suka ɗora masa hannu ranar 14 ga Nuwamba 1784.

Daga Woodbury na gangara New London, bakin teku. A 1781 sojojin Sarki, ƙarƙashin Benedict Arnold, suka cinna wa garin wuta, cocin Angilikan ta St James ta ƙone ƙurmus. Wato ɓangaren da Seabury ya bauta wa ne ya ƙone ta. Nan ya dawo a 1785, ya zauna da mutanen da aka ƙona wa gidaje, ya ga an sake gina cocin, yana zagaya garuruwan Connecticut da Rhode Island yana naɗa sabbin limamai, har ya rasu a Fabrairun 1796. Ginin dutse da ke wurin yanzu na tsakiyar ƙarni na 19 ne, kuma da aka gina shi jama'ar cocin suka ɗauko gawarsa daga maƙabartar gari suka sake binne ta a cikinsa.