Dabba Ake Fara Dubawa Kafin Bindiga

Tarihin baka ya ce maharba ne suka fara zama a Kazaure, ƙarƙashin wani jarumi mai suna Kutumbi da ya fito daga wajen Dala, tun ɗaruruwan shekaru kafin Ɗantunku ya kafa sarautar Fulani a 1819. Dajin da ya riƙe waɗancan maharba ya zama gona. Daga duwatsun Roni zuwa Gwiwa, har jigawar Babura kusa da iyakar Nijar, gero da dawa da gyaɗa da riɗi ne suka cinye fili. Gwanki da ɓauna sai a bakin tsofaffi. Abin da maharbin yau yake tararwa shi ne zomo, zabo, fakara, kurciya, agwagin ruwa a bakin madatsai, wani lokaci kuma gada. Duk da haka, idan mutum ya tashi mallakar bindigar farauta, tambayar da yakan fara yi ita ce wacce ta fi ƙarfi. Tambayar da ta kamace shi ita ce: wace dabba za a harba, kuma daga wane nisa?

Ƙasashen da suka mayar da wannan tambaya doka sun cancanci a leƙa su. A Suwidin da Norwe ana farautar mus, wata ƙatuwar dabba daga dangin barewa mai ƙaho kamar reshen itace, wadda namijinta kan haura kilo 400. Suwidin ta kasa harsasai aji-aji, ta keɓe ajin farko ga manyan dabbobi. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce harsashi mai nauyin giram 10 ya isa nisan mita 100 da ƙarfin da bai gaza jul 2,000 ba, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugu. A Norwe, mai son farautar manyan dabbobi sai ya ci jarrabawar harbi kowace shekara. Harsashin da ya yi suna wajen farautar mus a can, wato 6.5×55 wanda sojojin ƙasashen biyu suka ɗauka a 1894, matsakaici ne idan aka jera shi da manyan harsasan farauta. Maharba sun riƙe shi ne saboda ba ya dukan kafaɗa da yawa, don haka mai harbi ba ya razana ya kauce, kuma dogon harsashinsa yana ratsa jiki har ya kai huhu da zuciya.

Abu uku ne ke kashe dabba nan take: harsashi ya sauka inda ya dace, ya shiga da zurfi, ya yi ɓarnar da za ta zubar da jini da sauri. Ƙarfi yana biye da nauyi da gudu, amma gudu ya fi tasiri, domin idan aka ninka shi sau biyu ƙarfin bugu yana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa nisa yake da muhimmanci: iska tana cin gudun harsashi, musamman ƙananan ƙwayoyi. Bindigar da ta wadatar a taku talatin tana iya zama abin raunata dabba kawai a taku tamanin.

A ƙasar Kazaure bindiga iri biyu aka fi gani. Akwai bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, ana ɗura mata albarushi da dalma ta baki, harbi ɗaya sai a sake ɗuri. Tana da araha, maƙera suna gyara ta, amma cikinta sumul yake, saitinta ba ya nisa, kuma idan aka cika mata ɗuri don neman ƙarfi bututun kan fashe a hannun mai ita. Akwai kuma mai baki ɗaya ko baki biyu, mai cin harsashin kwanso, galibi lamba 12. Kwanso ɗaya na ƙananan ƙwayoyi yana ɗauke da sama da 200, suna bazuwa kamar an watsa tsaba, kuma amfaninsu bai cika wuce mita 35 zuwa 40 ba. Ga zabo da fakara da zomo wannan ya isa. Iri na uku, raifil, mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu wanda ke juya harsashi ya tafi saitin, shi ne makamin gwanki mai kilo 250. Sai dai harsashinsa yana iya tafiyar kilomita biyu ko fiye idan ya kuskure, a ƙasar da kowane kurmi akwai gona ko makiyayi ko yara masu itace a bayansa.

Wani ma'aikaci ɗan Kazaure da ya yi ritaya ya taɓa kai wannan shawara wurin kawunsa, tsohon maharbi a ƙasar Roni. Ya ce, "Kawu, ina so in sayi wadda ko ɓauna ta gani ta san ta gamu da gamonta." Tsohon ya ce, "To ɗana, ina ɓaunar?" Sannan ya ba shi labarin wata gada da ya harba da ƙwayoyin tsuntsu daga nesa yana saurayi. Ya bi jini har duhu ya raba su. Bayan kwana biyu ungulaye suka nuna masa inda ta faɗi, ƙwayoyin sun tsaya a cinya da ciki. Ya ce tun ranar, dabbar da ta wuce taku arba'in ya bar wa Allah ita. Ɗan ya koma gida da niyyar neman mai baki ɗaya.

Abin da tsohon ya koya a daji, malamai sun rubuta shi tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta halatta farauta don buƙata, ta karhanta ta don wasa. Ta kuma nuna cewa dabbar da aka harba ta ɓace har ta kwana, akwai magana a kan cinta, wadda aka riske da sauran rai kuwa sai an yanka. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta makamin da ya huda da wanda ya buge da faɗinsa: na farko ana ci, na biyu mushe ne. Da bindiga ta bayyana malaman Malikiyya na baya sun yi saɓani, daga bisani fatawar halacci ta rinjaya, saboda dalma tana huda jiki tana zubar da jini. Ke nan harsashin da ya gaza wa dabba yana jawo asara biyu: an azabtar da rai, naman kuma ya shiga shubuha ko ya tafi ga ungulu.

Dokar ƙasa ma ta raba bindigogi. Dokar Makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na mai kwanso da raifil ɗin farauta a hannun Sufeto Janar, makaman yaƙi kuwa an haramta su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 sun hana taɓa wasu dabbobin gaba ɗaya. Gwankin da ya rage a Yankari yana cikin gandun da aka hana farauta.

Idan aka haɗa waɗannan duka, zaɓin maharbin Gwiwa ko Babura ba shi da wuya. Bindiga mai kwanso mai lasisi, ƙananan ƙwayoyi ga tsuntsu da zomo, manya ga gada kuma daga kusa. Kafin a shiga daji a kafa kwali a taku talatin, a bayansa akwai tudu, a harba a ga yadda ƙwayoyin suke bazuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Nisan da ƙwayoyin suka fara barin gibin da zabo zai iya wucewa ta ciki, nan ne iyakar wannan bindiga, kuma bai kamata a ɗana kunama a kan abin da ya wuce shi ba.