Ƙaimi a Bazarar Jisonayili

Hausa ba ta riga ta tsayar da kalma guda ba ga aikin tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka yanka mata. Amma akwai abin aro a bakin mahaya, wato ƙaimi. Kalmar ta dace, domin mai sa wa doki ƙaimi ƙarfin da ke jikin dabbar yake tsamowa, kuma ya san gumi zai biyo baya.

A Jisonayili, unguwar da ke ƙarƙashin Sagnarigu a birnin Tamale, akwai wani matashi da ke cin abinci da haɗa bidiyon biki da na suna. Kwamfutarsa ta tebur ce, ya saye ta hannu na biyu, ƙwaƙwalwarta Core i5-9600K, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2018. Harafin K ɗin nan alama ce cewa an bar linzamin a sake. Lissafin kuwa ba wuya: ana ninka megahaz 100 da wata lamba da ke cikin BIOS. Ya mayar da lambar 50, gudun ya zama gigahaz 5.0, ya ɗaga ƙarfin lantarki zuwa bolt 1.35 kamar yadda ya ga wasu Turawa sun yi a YouTube. Da hunturu komai ya tafi daidai. Watan Maris na kamawa, na'urar ta fara tsayawa cik a tsakiyar aiki, fuskarta ta yi shuɗi, ga bidiyon amarya da ya karɓi rabin kuɗinsa, danginta kuma suna ta kira.

Dabarar da ta fara zuwa masa ita ce ƙara wuta, tunda an ce ƙarancinta ke kawo shuɗin fuska. Maganar tana da gaskiya, sai dai rabinta ce. Zafin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, amma ta ɓangaren ƙarfin lantarki ninkuwa yake yi da kansa. A ce an tashi daga gigahaz 4.3 zuwa 5.0, sannan daga bolt 1.20 zuwa 1.35: gudun ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari, zafin kuwa ya kusa ƙaruwa da rabi. Ƙwaƙwalwar da ta yi zafi tana buƙatar ƙarin wuta kafin ta natsu, ƙarin wutar kuma ya sake hura zafin. Haka ya yi ta zagaye har mako guda.

Wani dattijon mai gyara a Zangon Tamale ne ya tsayar da shi da tambaya ɗaya. "Ɗana, shi Baturen naka, a wane ɗaki yake zaune?" Matashin ya ce, "Baba, ban lura ba." Ga duk maganar a nan. Fanka da ƙarfen sanyaya ba sa ƙirƙirar sanyi; iskar ɗaki suke aro. Idan mai gwaji a Turai ya ga digiri 82 a ɗaki mai digiri 22, tazarar 60 ce. A ɗora wannan 60 a kan ɗakin kwano mai digiri 38, irin na Tamale da la'asar ɗin bazara, sai a sami 98, alhali iyakar wannan ƙwaƙwalwa 100 ce. A can take rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ƙaimin ya tashi a banza. Ga kuma ƙurar hunturu da ta yi wata uku tana shiga haƙarƙarin ƙarfen har ta zama kamar bargo.

A bakin dattijon, "kwamfuta ya gaji" aka ji, ba "ta gaji" ba. Ɗalibi kada ya yi saurin kiran wannan kure. Hausar zangunan Ghana, wadda ake ce wa Gananci, ta daɗe da sassauta bambancin jinsin namiji da tamace, kuma hakan bai hana dattijon bambance cututtukan na'ura filla-filla ba. Wadda ta yi nauyi amma ba ta faɗi ba, zafi ne. Wadda ta yi shuɗi ko ta daskare, yawanci wuta ce ta gaza wa gudun, ko kuwa ram ne aka matsa wa da tsarin XMP. Wadda ta mutu ɗif ba sallama, a fara tuhumar akwatin wutarta da lantarkin da ke shigowa daga bango, a nemo mata sitabilaiza.

Gyaran bai da armashi, shi ya sa matasa ke gudunsa. Suka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo don BIOS ya koma asalinsa, suka hure ƙura, suka goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, suka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Suka gwada ram shi kaɗai da MemTest86. Sannan suka shiga ɗaga lambar ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki a bar Prime95 ta gasa na'urar, ido na kan HWiNFO. Sharaɗin dattijon shi ne a yi gwajin da ƙarfe uku na rana, domin abin da ya tsaya da asuba ba hujja ba ne a Tamale.

Kada a ɗauka ɗan koyo kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima, har suna lalacewa a hankali. Ya fitar da gyara, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wadda ta riga ta illata sai dai a musanya ta. Mai kayan hannu na biyu a Jisonayili ba shi da wurin kai irin wannan ƙara.

Na'urar ta natsu a gigahaz 4.7, da wutar da ta yi ƙasa da ta farko nesa. Abin da ya bari kashi 6 ne cikin ɗari, wato ƙasa da minti huɗu a aikin sa'a guda. Bidiyon amarya ya fita bayan kwana biyu. Ya ajiye tsari biyu a cikin BIOS, ɗaya na bazara, ɗaya na damina, kuma ya rubuta a jikin bango ranar da zai sake buɗe akwatin ya hure ƙura.